Samfurin ƙwaƙwalwa na roba mai sassa 8: inda ya yi da inda ya gaza

Wannan samfuri ana ganinsa a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantun jinya da azuzuwan ilimin halittu. Girmansa daidai da ƙwaƙwalwar baligi, an tsaga shi biyu daga goshi zuwa ƙeya, kowane ɓari kuma ya rabu huɗu: sashen goshi haɗe da na tsakar ka, sashen gefen kunne haɗe da na ƙeya, rabin ƙaramar ƙwaƙwalwa wato sarebelum, sai rabin kututturen da ke gangarawa ya haɗu da laka.

Amfaninsa na gaske yana fitowa ne da zarar an buɗe shi a tsakiya. Zanen littafi ba ya nuna zurfi, amma a nan ɗalibi zai ɗora yatsa a kan farar gadar nan mai lanƙwasa da ta haɗa ɓarin dama da na hagu, wadda zaren jijiya kusan miliyan 200 ke ratsawa ta cikinta. A ƙarƙashinta ga talamus, wato zangon da yawancin saƙonnin ji daga jiki ke bi kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, ga kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke zagayawa a ciki. A bi kututture daga sama: ƙwaƙwalwar tsakiya, fons mai tudu, sannan medula inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. A ƙasan medula ne mafi yawan jijiyoyin motsi ke tsallakawa zuwa ɗaya gefen, shi ya sa toshewar jijiyar jini a ɓarin hagu kan shanye hannu da ƙafar dama. Malami da samfuri a hannu zai gama wannan bayani cikin minti biyu, a allo kuwa sai an yi ta zane ana gogewa.

Sai dai akwai tarko, kuma ɗalibai da yawa na faɗawa. Layin da masana'anta suka yanka ba shi ne iyakar sassan ƙwaƙwalwa ba. Kwarin tsakiya, wanda ya raba sashen goshi da na tsakar ka, yana cikin gutsure ɗaya ne, ba a yanka ta wurin ba. Dole malami ya nemo shi ya nuna: tudun da ke gabansa shi ke ba tsoka umarnin motsi, na bayansa shi ke karɓar jin taɓawa. Yankin Broca na furta magana, wanda likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861, yana ƙasan sashen goshi, galibi a hagu. A samfurori masu araha ba a sa masa lamba ko kaɗan.

Launi ma yana ruɗarwa. Shuɗi da kore da ja da ake shafa wa sassa don sauƙin hadda ne kawai. Ƙwaƙwalwa mai rai ruwan toka ce da ɗan ja-ja, nauyinta kilo 1.3 zuwa 1.4, kuma laushinta ya kai yatsa ya lotsa ta. Robar nan mai tauri ba za ta fahimtar da kowa dalilin da buguwa a ka ke yin ɓarna ba. Ɓawon waje, mai kaurin milimita 2 zuwa 4 kacal, fenti ne kawai ke nuna shi. Babu mayafai uku da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, alhali su ne ke kumbura a ciwon sanƙarau. Sarebelum kuma yana zaune a ƙeya kamar ɗan rakiya, nauyinsa kusan kashi 10 cikin ɗari, amma daga ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwa, fiye da rabi a cikinsa suke.

Kafin a biya kuɗi, a juya shi a duba ƙasa. A ƙirga jijiyoyin kai, ya kamata su cika 12 a kowane gefe, kuma mahaɗar jijiyoyin gani ta fito a sarari. Ga ɗaliban jinya da likitanci, a nemi mai jijiyoyin jini ja, domin ba tare da zoben Willis ba, wato da'irar jijiyoyin jini da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, darasin shanyewar ɓarin jiki ba zai cika ba. Na sakandare ba sa buƙatar wannan.

Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne mahaɗi. Masu ƙusar roba kan karye idan aka murɗa maimakon a zare a miƙe, ramin kuma yana faɗaɗa har ɓari ya riƙa zamewa. Masu maganaɗisu sun fi daɗin aiki, amma idan gam ya saki aka mayar da maganaɗisun a juye, sassan sai su riƙa ture juna, don haka a gwada fuskarsa kafin a manna. Wajen haɗawa a fara da kututture, a ɗora sarebelum, sannan manyan sassa. A goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Sifirit yana cinye lambobin da aka buga a jiki, zafin rana kuma yana lanƙwasa robar har ɓarin biyu su ƙi haɗuwa.