Jadawalin karanta Littafi Mai Tsarki cikin kwana 90: dabara mai kyau, rabo marar kan gado

Ɗan ƙaramin littafin nan da ake sayarwa a shagunan littattafan Kirista, mai jadawalin sauke Littafi Mai Tsarki duka cikin kwana 90, na saye shi, na bi shi. Gaskiya saurin yana da amfaninsa. Mai karatu yana isa Littafin Ibraniyawa a Sabon Alkawari tun hadayun Littafin Firistoci ba su gushe masa a kai ba, sai zancen babban firist da jinin hadaya ya zauna daram. Labarin Hezekiya sarkin Yahuza da Sennakerib sarkin Assuriya da aka wuce a 2 Sarakuna 18 zuwa 20, kana cin karo da shi a Ishaya 36 zuwa 39 ka gane shi nan take. Mai bin tsarin shekara guda, watanni ne ke shiga tsakani, ya manta. Don wannan kaɗai da na ce kowa ya saya.

Amma wanda ya tsara jadawalin nan da surori ya yi lissafi, bai duba tsawonsu ba. Surori 1,189 ya raba gida 90, ya samu 13 da ɗoriya, shi ke nan ya kai wurin bugawa. To ai sura ba ɗaya take da sura ba! Zabura 120 zuwa 132 surori 13 ne, ayoyinsu 95 kacal, kafin ruwan shayi ya tafasa ka gama. Surori 13 na farkon Luka kuwa ayoyi 660 ne. Zabura 119 ita kaɗai ayoyi 176, an lissafa ta daidai da Zabura 117 mai ayoyi 2. Sai ka ga yau minti goma, wata rana sa'a ɗaya da rabi ba ka kai ƙarshe ba. Mutumin da ya ware lokacinsa da asuba kafin ya fita aiki, ta yaya zai shirya da wannan?

Inda abin ya fi ciwo shi ne Littafin Ƙidaya. An fito daga dokokin kuturta na Littafin Firistoci a gajiye, sai ga ƙidayar kabilu, sai sura 7 mai ayoyi 89, shugabanni goma sha biyu kowa da hadaya iri ɗaya ana maimaitawa. A nan yawancin masu farawa suke ajiye jadawalin. Ba a bar ko rana ɗaya ta cike giɓi ba, ko Lahadi da mutum ke wuni a sujada. Ka rasa kwana biyu, surori kusan 40 na jiranka a na uku. Akwatunan sa alama ma ƙanana ne ƙwarai, biro yana huda takardar.

Gyaran da na ga yana aiki: ka duba yawan shafukan Littafinka, ka raba gida 84, ragowar kwana shida su zama na ramuwa. Ka sa zare a shafin da za ka tsaya tun kafin ka fara. Sunayen asali na 1 Tarihi 1 zuwa 9 ka bi su da ido, kada ka tsaya furta kowanne. Tambayar da ta taso ka rubuta a gefe, ka wuce. Kuɗin jadawalin kuwa da na riƙe abina, farar takarda da biro sun isa.