Dubai, Turkiyya, Saifurus ko Mombasa: wane bakin teku mutum zai koma da zama?

Duk zuwan da zan yi gida Kano sai wani ya ja ni gefe bayan sallar isha'i ya ce malam, wai da gaske zaman bakin teku ya fi, kuma in mutum ya tara ɗan abin da ya tara wace ƙasa ya kamata ya dosa? Na gaji da maimaita amsa ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Bature in ya ce zai koma bakin teku rana yake bi, don sanyi ya gama cin ƙashinsa. Mu da muka taso cikin zafin Afrilu ba rana muke nema ba, muna da ita har ta yi yawa. Abin da muke nema iska ce, da wutar da ba a ɗaukewa kullum, da asibiti, da masallaci kusa, da abincin da ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka ba. Sai kuma babbar magana wadda ni yanzu da ita nake auna ko'ina: takarda. Takardar zama da takardar gida.

Dubai ba sai na ɓata lokaci ba, kowa ya san ta. Komai yana aiki, amma bizar zama ta shekara 10 sai ka sayi gida na dirhami miliyan 2, daga Yuni zuwa Satumba kuma ba ka isa ka taka yashin bakin ruwan da rana ba, daga iyakwandishan ɗin gida sai na mota sai na kanti. Kuma kar a manta a 2022 rana ɗaya aka wayi gari an daina ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Wurin kasuwa ne, je ka yi sari ka dawo.

Fotugal, yankin Algarve, kyakkyawa ce ba ƙarya, sai dai hanyar samun zama ta sayen gida sun rufe ta tun Oktoban 2023, cikin waɗanda suka rage akwai wadda sai ka nuna kuɗin da ke shigo maka kowane wata ba tare da ka yi aiki a can ba, ga layin ofishin baƙi, ga neman naman halal. Na wuce.

Turkiyya ta fi jan hankalin mutanenmu, musamman Antalya da Alanya, ana kiran salla ga abinci ga jirgi daga Abuja da Legas kai tsaye zuwa Istanbul. Matsalarta dokar ba ta zama wuri ɗaya. Kuɗin gidan da ke ba ka damar neman zama ɗan ƙasa dala 250,000 ne a da, a 2022 suka mai da shi 400,000. Na izinin zama kuma a 2023 ya koma dala 200,000. Sannan a 2022 akwai unguwanni sama da dubu da aka rufe wa baƙi rajista saboda baƙin sun yi yawa, har da Mahmutlar ta Alanya da dillalai suka fi tallatawa, wato kana iya kama gida a unguwa a ce ba za a yi maka rajistar zama da wannan adireshin ba. Ga lira da ke zubewa kamar nairarmu. Masar ma haka, Hurghada da Iskandariya suna da araha ga Larabci ga asibitocin da muka saba zuwa Alƙahira, amma a Maris 2024 fam ɗinsu ya tashi daga wajen 31 a dala ya doshi 50 cikin yini guda.

Kwatano da Lome kuwa ban raina su ba, fasfon ECOWAS ya ishe ka shiga kwana 90, ga Zongo ga 'yan uwa Hausawa ga sefa da ke ɗaure da yuro ba ta rawa. Amma ruwan nasu mai jan mutum ne, kallo ake yi ba shiga ba, kuma gaskiya in ka zauna a Kwatano kamar ka koma Legas ne da Faransanci.

Yanzu Arewacin Saifurus. Nan ne aka cuce ni, don haka ku yi haƙuri zan daɗe a nan.

Wani yaro ne ɗan garinmu da ke karatu a can ya haɗa ni da dillali, Hausa muke yi da yaron, yana ce min yaya, har gidanmu ya sani. Aka turo min bidiyo na wani bene da ake ginawa kusa da garin Girne, ga teku shuɗi ga tsauni a baya, aka ce in ba da kafin alƙalami kafin ƙarshen wata don saura fulat biyu kacal kuma wani Bature yana nema. Na tura. Cinikin biri a sama kenan, ban taka ƙasar ba, ban ga takarda ba, lauyan da ya duba yarjejeniyar ma su suka kawo shi. Da na je bayan wata bakwai abin da na tarar ginshiƙai ne da rodi ya yi tsatsa da wani kare kwance a inuwar bulo. Kuɗin da na tara shekara uku, har yau ko sisi bai dawo ba, yaron kuma ya canza lamba.

Abin da ban sani ba lokacin, kuma ba wanda zai gaya maka cikin masu talla, shi ne asalin filin. An raba tsibirin ne a 1974 da sojojin Turkiyya suka shiga, Girkawan da ke arewa suka gudu kudu suka bar gidajensu da gonakinsu. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita, shi ya sa ko jirgi ba ya sauka filin Ercan sai ya bi ta Turkiyya. To filaye da yawa da ake gina waɗannan benayen a kai na waɗancan Girkawan ne, kuma masu su ko 'ya'yansu suna nan da takardunsu. Akwai wasu mata da miji 'yan Ingila, Orams, da suka gina gida a Lapta, mai filin na asali ya kai su kotu a kudu ya yi nasara aka ce su rushe su mayar masa da filinsa, a 2009 kotun Tarayyar Turai ta ce ana iya zartar da hukuncin a kansu har a Ingila. Waɗannan Turawa ne da manyan lauyoyi, ina ga ni da kai. Ko a 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, sai da ta fito ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu karatu can. In ka dage sai can, tambayi irin takardar filin, wadda ke hannun Baturke ko baƙo tun kafin 1974 ce ko wadda aka raba bayan yaƙi, ka ga yadda fuskar dillali za ta canza.

Kuma wannan damfarar ba ta Saifurus kaɗai ba ce, salo ɗaya ne ko'ina. Kullum akwai gaggawa, kullum saura ɗaya, kullum akwai wani Bature ko Balarabe da zai biya gobe. Hoton da za a nuna maka na kwamfuta ne, itatuwan ma zana su aka yi. Za a ce in ka saya biza tana biye da gidan kai tsaye, ƙarya ne, mai gini ba shi ke ba da izinin zama ba, hukumar shige da fice ce. Za a ce ka tura kuɗin asusun wani mutum ko ka ba ɗan canji a Wapa don wai a rage caji, ranar da rigima ta tashi ba ka da shaidar ka biya kamfani ko kwabo. Za a yi maka alƙawarin haya tabbatacciya duk shekara ko da mai haya ko babu, wanda a cikin kuɗinka aka riga aka cusa ta. Mafi ciwo kuma ɗan uwanka ake sawa gaba, mai jin yarenka mai cewa wallahi tallahi, shi ma kamasho yake ci. Lauya kai za ka nemo naka ka biya shi da kanka, kuma shi zai je ofishin filaye ya yi bincike da lambar filin, ba hoton takarda a WhatsApp ba.

Bayan wannan dukan ne na faɗa Mombasa ta ƙasar Kenya, kuma in ka ce na fifita ta ban musa ba. Abin da ya fara kwantar min da hankali dokarsu a fili take ba rufa-rufa. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce baƙo ba ya mallakar ƙasa ta din-din-din, haya ce ta dogon zango iyakarta shekara 99, wata dokar kuma ta hana a sayar masa da gona. Na gwammace a ce min a'a tun farko da a ce min e a rufe ni. Izinin zama ma akwai wanda suke kira aji K, na wanda ya kai shekara 35 kuma yana da kuɗin da ke shigo masa daga waje aƙalla dala 24,000 a shekara, sharaɗin ba za ka yi aiki a ƙasar ba. Ba araha ba ne, amma ka san abin da ake nema a wurinka.

Sai zaman kansa. Ranar farko kiran assalatu ne ya tashe ni daga masallatai uku lokaci guda, na fita na tarar da dattawa cikin farar jallabiya da hula, mata da baƙin lulluɓi, mai shayi yana soya mahamri, wani fanke mai ƙamshin kwakwa da ake ci da wake dafaffe cikin ruwan kwakwa. Har kotun alƙali suke da ita a tsarin mulki don aure da saki da gado. Yaren Suwahili ba ya wahalar da Bahaushe don Larabcin da ke cikin namu yana cikin nasu, sabuni sabulu ne, habari labari, hatari hatsari, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara ba. Abu ɗaya ne ya kunyata ni, lissafin agogo. Mai gyaran famfo ya ce zai zo saa mbili, na ji mbili biyu ce na fita abina sai ƙarfe biyu na rana, ashe su daga fitowar rana suke ƙirgawa, saa mbili ƙarfe takwas na safe ne, mutumin ya zo ya yi ta buga ƙofa ya tafi.

A daidaita sahu tana nan, tuk-tuk suke ce mata, da M-Pesa, tsarinsu na biyan kuɗi ta waya, kake biyan komai har mai sayar da mangwaro a kasuwar Kongowea. Jirgin ƙasa na Madaraka da aka buɗe a 2017 yana kai ka Nairobi cikin awa biyar zuwa shida, daga can jirgin sama kai tsaye zuwa Legas. Da yamma in bi ta tsohon gari in zauna gefen Fort Jesus, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1593, in sha gahawa mai ɗaci ina kallon jiragen ruwa. Cikin wuraren zama na bakin tekun, Nyali ta fi tsari da tsada, Bamburi ta fi sauƙi, Diani ta fi kowa farin yashi amma a da sai ka yi layin jirgin fito na Likoni, yanzu hanyar Dongo Kundu ta rage wannan wahalar.

Aibunta ba zan ɓoye ba. Gumi, irin wanda za ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan, ba busasshen zafinmu ba ne. Gishirin iska yana cin ƙarfe, makullin ƙofa da bayan firji duk sai sun yi tsatsa, takalmin fata in ka ajiye lokacin ruwan Afrilu da Mayu sai ya yi furfura. Sauro yana nan da zazzaɓinsa. Ruwan famfo ba kullum ba, na rijiyar burtsatse a gidaje da yawa gishiri-gishiri ne, na sha sai ka saya a jarka. Koren fasfo ma yana sa wasu masu gida su ja baya, ni sai da wani limami ya tsaya min. 'Yan damfarar fili kuwa nan ma akwai su jingim, fili ɗaya takarda biyu, ko ka saya ka tarar da mutanen da suka yi shekara talatin a kai.

Zanzibar ta Tanzaniya 'yar uwarta ce, ta ma fi ta natsuwa, amma tsibiri ne komai sai an ƙetaro da shi, babbar jinya sai Darussalam, kuma bizar ɗan Najeriya sai an tura an jira amincewa.

Ni har yanzu haya nake yi a Bamburi, shekara ta uku kenan, na ga damina biyu a gidan na san inda yake yoyo da watan da ruwa ke yankewa. Mai gidan ya yi min tayin fulat na sama sau biyu, na ce masa ya ba ni lambar filin lauyana ya je ya duba tukuna. Ya ce zai kawo bayan salla, ban tambaye shi ƙarama ko babba ba.