Allon nazari na Lichess: yadda yake auna sadaukar da doki a farkon wasa

Duk mai buga chess da ya taɓa zubar da dokinsa a gidan f7 tun a taku na shida yana son sanin abu guda: harin nan yana da tushe, ko dai abokin karawa ne bai iya kare kansa ba? Allon nazari na Lichess, shafin buga chess a intanet, yana amsa wannan tambaya da kyau, amma sai ga wanda ya san yadda ake tambayarsa.

Thibault Duplessis, ɗan ƙasar Faransa, shi ne ya kafa shafin a 2010. Kyauta ne, babu talla, da gudummawar masu amfani yake tafiya. A allon nazarin akwai kayan aiki biyu da suka shafi batunmu: injin Stockfish, manhajar da ke neman takun da ya fi kyau, wanda yake lissafi a cikin wayarka ko kwamfutarka, da kuma rumbun buɗe wasa, mai nuna takun da aka buga a wasannin baya da sakamakonsu, wanda alamarsa hoton littafi ce. A rubutun taku, N doki ne, B bishop, Q sarauniya, K sarki; takun da babu babban harafi na soja ne, x na nufin ci, + hari a kan sarki, O-O kuma ɓoye sarki a bayan hasumiya.

Harin da ya fi dacewa a gwada allon da shi shi ne Fegatello, wanda aka fi sani da Fried Liver. Tsoho ne ƙwarai, yana cikin wasannin Polerio na Italiya tun wajen 1600. A jera shi haka: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+. Fari ya ba da doki ya karɓi soja ɗaya tak. Sarauniyar Fari ta kai wa sarkin Baƙi hari, kuma ita da bishop na c4 sun taru a kan dokin d5. Kunna injin a nan, ka ƙara yawan layukan da yake nunawa zuwa uku, nan take za ka ga abin da ya sa Baƙi ba shi da zaɓi. In ya ja baya da 7...Ke8, sai 8.Bxd5: doki ya dawo, Fari yana da ribar soja, ga barazanar kashe wasa a f7. In ya shiga 7...Kg8, sai 8.Bxd5+ Be6 9.Bxe6, wasa ya ƙare. Dole ne sarki ya fito tsakiyar allo da 7...Ke6 ya tallafi dokinsa da kansa.

Bayan 8.Nc3 mahara d5 sun zama uku, masu tsaro biyu, don haka Baƙi yana buƙatar na uku. Hanyoyi biyu ne: 8...Ne7 ko 8...Nb4. Ta farkon tana toshe bishop na f8, Fari kuma ya ci gaba da 9.d4 c6 10.Bg5 ya ɗaure dokin e7 a gaban sarauniya. Ta biyun ta fi ƙarfi, domin tana tsaron d5 tana kuma neman cin c2 da harin sarki da hasumiya a lokaci guda. A wannan gaɓa ce allon yake nuna amfaninsa na gaske. Akwai maɓallin nuna barazana, harafin x a kwamfuta, wanda yake zana kibiyar abin da abokin karawa zai yi in aka ba shi taku kyauta. Mai koyo da bai lura da c2 ba zai gan shi a sarari.

Fari yana da 9.O-O, da 9.Qe4, da 9.a3. Na ƙarshen shi ne mai jan hankali: 9...Nxc2+ 10.Kd1 Nxa1 11.Nxd5, hasumiya ta tafi amma sarkin Baƙi yana tsirara. Da shi babban ɗan wasa Alexei Shirov ya doke Sarunas Sulskis a gasar Olympiad ta Tromso a ƙasar Norway a 2014. Duk da haka, in aka bar injin ya zurfafa, 9.O-O c6 10.d4 ne ya fi tsayawa da ƙafarsa, saboda yana buɗe layin e ba tare da ƙarin asara ba. Hukuncin injin a kan Fegatello shi ne Fari ne a sama. Sadaukarwar tana da tushe.

To ina matsalar take? Ta farko ita ce lambar da ke gefen allo, wadda injin yake auna matsayi da ita. Alamar tarawa tana nufin Fari ne a gaba, ta ragewa Baƙi, kuma mutane da yawa suna kallonta daƙiƙa biyu su yanke hukunci. A matsayi mai zafi irin wannan, lambar tana rawa sosai kafin zurfin lissafi, wato yadda injin ya hango taku gaba, ya kai ashirin da wani abu. A ƙaramar waya abin yana ɗaukar lokaci, wayar ta yi zafi, batir ya sauka. Sa'ar da ake samu ita ce matsayin da ya shahara yana da lissafi mai zurfi da aka riga aka adana a shafin, sai ya fito nan take. Amma da zarar ka kauce daga sanannen layi da taku biyu ko uku, na'urarka ce za ta ɗauki nauyin. Ka jira lambar ta daina motsi kafin ka yarda da ita. Matsala ta biyu, injin ba ya bayani. Zai ce 9...c6 ne daidai, ba zai gaya maka cewa sojan yana zama mai tsaro na huɗu ba ne, domin kada a3 ta kori dokin b4 komai ya rushe. Wannan kai ne za ka tono shi, ta hanyar buga takun da ba daidai ba ka ga yadda ake hukunta shi.

Rumbun buɗe wasa ne yake cike giɓin. A sashen ƙwararru, wasannin 6.Nxf7 ba su da yawa, kuma dalilin yana taku ɗaya baya: manyan 'yan wasa ba sa cin d5 da doki. Suna buga 5...Na5 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6, su ba da soja su sami saurin fito da mayaƙa. A sashen wasannin Lichess kuwa ana iya tacewa da matakin 'yan wasa da tsawon lokacin wasa, kuma a nan ne za ka ga yadda Fari yake cin galaba a ƙananan matakai. Sai dai a yi hattara: yawan nasara a wasan minti uku shaida ce ta wahalar tsaro, ba ta ingancin hari ba.

Gambit ɗin Halloween, wata sadaukarwar doki a farkon wasa, ya nuna wannan bambanci ƙarara: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Nc3 Nf6 4.Nxe5 Nxe5 5.d4. Sojojin Fari suna korar dawakin Baƙi har gida, kuma a wasan gaggawa yana cin mutane, amma injin yana ba Baƙi fifiko tun daga taku na huɗu, domin sarkinsa bai motsa ba. Na Cochrane, 1.e4 e5 2.Nf3 Nf6 3.Nxe5 d6 4.Nxf7 Kxf7, yana tsakiya: sojoji biyu a kan doki, sarki ya rasa damar ɓuya. Babban ɗan wasa Topalov ya buga shi da takwaransa Kramnik a gasar Linares ta ƙasar Spain a 1999 aka tashi canjaras, amma injin yana ɗan karkata ga Baƙi.

Wanda yake son ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan layuka, ya yi amfani da zaɓin ci gaba da wasa daga matsayin da ke kan allo, ya kara da kwamfuta, wadda take da mataki 1 zuwa 8. Ya fara daga 8...Nb4 na Fegatello, ya riƙe Fari a mataki na 5, sannan ya juya allo ya riƙe Baƙi a kan mataki na 8 ya ga taku nawa sarkin e6 zai jure.