Zaman darasi da hanyar masu ƙirƙira: wanne ya fi wa yaro a gida?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki ci gaba da zaunar da yaronki mai shekara 7 da littafi da fensir, ko ki koma wa hanyar nan da ake ta yayi, wadda yaro ke nemo matsala ya haɗa mata magani da hannunsa. Kin kuma ce ya fara gudun karatun.

Zaman darasi kowa ya san shi: ke ce mai amsa, ki nuna, ya maimaita, ki gyara. Ɗayar kuwa daga wajen masu tsara kayayyaki ta fito. Kamfanin IDEO da aka kafa a 1991 da makarantar d.school ta Jami'ar Stanford a Amurka ne suka yaɗa ta, kuma David Kelley na cikin waɗanda suka assasa duka biyun. Matakanta biyar ne: a fahimci mai buƙata, a tantance ainihin damuwarsa, a zubo dabaru da yawa, a haɗa samfurin wucin gadi, a gwada. In bai yi ba, a sake lale.

Misali, ki ce masa, “Fensiran ƙaninka kullum a warwatse suke, taimaka masa.” Nan take zai ce a samo akwati. Ki ce ya dakata, ya zauna ya kalli ƙanin yana zane, ya tambaye shi. Wataƙila ya gano akwatin yana nan, murfinsa ne ya yi wa ƙananan yatsu tauri, shi ya sa ba a mayar da komai ciki. Sai ya yanka kwali ya manna, ya yi mazubi marar murfi. Yana zuba fensira sai ya kife, don gindin ya yi siriri. Ya ɗauko rula ya faɗaɗa shi. Kafin ya gama ya yi awo, ya yi ƙirga, ya saurari wani, kuma abinsa ya lalace a gabansa bai yi kuka ba. Wannan na ƙarshen, a wurina, ya fi sauran tsada.

Akwai binciken da ke mara wa wannan baya. A 2011 Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu sun ba yara 'yan naziri wani abin wasa mai bututu, da ke ɓoye abubuwa huɗu: ƙara, fitila, madubi da kiɗa. Yaran da babba ya nuna wa “ga yadda yake aiki” sun maƙale a kan abin da aka nuna musu. Waɗanda ba a koya wa ba sun fi daɗewa suna lalube, sun kuma gano abubuwa da yawa.

Amma kar ki jefar da littafi. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar sabon shiga abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda, in aka sake shi ba jagora sai ya ruɗe. Gaskiyarsu ce. Sautin baƙaƙe abu ne da mutane suka yarda a kai, yaro ba zai tono shi daga kwali ba. Haka 7 sau 8: a faɗa masa 56, ya nanata har ya zauna. A nan zaman darasi ba shi da na biyu, ga sauri, ga sauƙin gane ko an ci gaba. Ita hanyar ƙirƙira tana cin lokaci, tana ɓata ɗaki, kuma tana neman abin da ya fi wahala ga uwa: ki ga kwalin ya karkace ki riƙe hannunki, ki tambaya kawai, “Me kake ganin ya sa ya faɗi?”

Ni dai da ni ce ke, zan rage darasin zuwa minti 15 ko 20 don karatu da lissafi, in ware rana ɗaya ko biyu a mako don aikin hannu da matsalar da shi ya zaɓa. Kafin nan, ki gwada matakin farko a kansa shi kansa. Ki lura da daidai inda yake fara mutsu-mutsu, ki tambaye shi cikin raha wane ɓangare ne ba ya so. Yana iya zama tsawon zaman ne, ko aikin ya fi ƙarfinsa, ko kuma ya yi masa sauƙi har ya gundure shi, kuma kowanne maganinsa daban.