Feshi ko shuka mai korar ƙwari: wanne ya fi wa manomin masara?

Daga cikin magungunan tsutsar da ke huda karan masara akwai iri biyu. Na farko kowa ya san shi: a sayi maganin feshi a fesa. Yana aiki nan take, sai dai kuɗi ne duk damina, yana kashe har ƙwarin da ke cinye tsutsar, kuma da zarar ta shige cikin kara, feshi bai cika kai mata ba.

Na biyu shi ne dabarar "kora da jawowa" da Farfesa Zeyaur Khan na cibiyar binciken ƙwari ta icipe a Kenya ya ɓullo da ita tun shekarun 1990, tare da masanan cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila. Ana shuka desmodiyum, dangin wake, tsakanin kunyoyin masara, a kewaye gonar da ciyawar Napier. A bayanin Khan, ƙanshin desmodiyum yana korar uwar tsutsar, ciyawar kuma ta jawo ta. Ta yi ƙwai a can, danƙon ciyawar ya halaka yawancin 'ya'yan. Wasu masana daga baya sun ce gashin ganyen desmodiyum da ke maƙale tsutsa ya fi ƙanshin tasiri.

Inda dabarar ta yi wa feshi fintinkau shi ne wuta-wuta: sinadarin saiwar desmodiyum yana hana ta kama saiwar masara. Ga takin ƙasa, ga abincin dabbobi.

Amma irin desmodiyum yana da tsada da wuyar samu, shekarar farko akwai wahala, kuma ciyawar Napier ba ta jure fari, shi ya sa aka koma ga ciyawar Brachiaria a wuraren da ruwa ya yi ƙaranci.