Ka Manna Takardar Yadda Take, Ko Ka Bayyana Aikin?

Ma'aikacin da ke son ChatGPT ko Gemini (manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke yin rubutu idan an umarce su) ya rubuta masa wasiƙar tuni ga abokin cinikin da ake bi bashi yana da hanya biyu.

Ta farko, ya kwafo takardar mutumin da sunansa da lambar asusunsa da ta wayarsa, ya manna, ya ce "rubuta mini wasiƙa". Sauri kam akwai. Sai dai manhajar ba ta san ko tsohon abokin hulɗa ne ko mai taurin bashi ba, don haka sau da yawa sai ta fito da wasiƙa mai zafin da ba a nema ba. Abin da ya fi wannan muni, bayanan sun bar ofis. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung sun manna sirrin manhajar kamfanin a ChatGPT, har kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. A Nijeriya ma, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan mutanen da ke hannunsa.

Ta biyu ta fi cin lokaci, kuma ni ita nake bi. Ka sa "Malam Wane" a gurbin suna, ka faɗi cewa shekara biyar kuna ciniki, kana son lafazi mai ladabi, sakin layi biyu, ba barazana. Adadin kuɗin kuwa, kai za ka cike shi da hannunka daga baya, domin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro lamba idan ba a ba su ba.