Jakar ruwa ta goyo mai lita 2: ta yi wa masu tseren daji?

Ga masu shiga gajeren tseren daji na mutum biyu, mai haɗa gudu da keke da neman hanya da taswira, tambayar ita ce ko wannan jakar ta yi. Ta yi, amma da sharaɗi.

Amfaninta shi ne mesar da ke rataye a kafaɗa: kana kan keke kana zuƙa, ba sai ka tsaya ba. Lita 2 nauyin kilo 2 ne, kuma a zafin watan Afrilu na Garwa ta Kamaru, da ke wuce digiri 40, ba za ta ishi mutum biyu ba. Kowa ya goya tasa.

Inda take ba da matsala shi ne mahaɗar mesa da robar ciki mai riƙe ruwan. Ta gwanjo yawanci nan take yoyo, don haka a cika ta, a kife, a matsa kafin a biya. A kuma zuƙe iskar ciki, in ba haka ba ruwan zai riƙa kwaroroto a bayanka kana gudu.

Ruwan gishiri da sukari kuwa a zuba shi a gora daban, domin yana sa mesar ta yi baƙi. Aljihun jakar ya cika ƙanƙanta. Tuf ɗin keke ɗaya da dabino kawai yake ɗauka.